Kwanon da Ya Dawo Wayam

Murfin kwano ne ya fara gaya mini, tun yarinyar ba ta shigo ba. Ina tsugune a bakin murhu ina kwasar tuwo, sai na jiyo shi daga zaure, ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana rawa daidai da takunta. Duk macen da ta taɓa yin ciyayya ta san kwano mai abinci ba ya surutu. Gumin tuwo kan riƙe murfin ya zauna daram. Wannan kuwa tun daga bakin ƙofa yake ba da labarin kansa.

Na ajiye mara na juyo. 'Yata ta fari ce, lokacin shekararta goma, wadda har yau bakina bai saba da sunanta ba. Ta miƙo mini kwanon ba ta dube ni ba.

Na ce, "Ke, zubarwa kika yi a hanya?"

Ta ce, "A'a, Inna. An juye, an wanke, aka ce in kawo."

"Ba a ce komai ba?"

"An ce an gode."

Na buɗe. An wanke shi tas, har an goge ruwan.

Gidanmu a Gaya da gidan yayan maigidana katanga ɗaya ce tsakani. Tun ranar da na fara girki, shekara goma sha biyu ke nan a lokacin, kullum kafin magariba kwanon nan mai jan fure, na cikin kayan ɗakina, sai ya tafi gidan Yaya da abin da na dafa, ya dawo da abin da matarsa ta dafa. Ciyayya ke nan. Ba yunwa ke sa ta ba, ko da yake a shekarun fari ta yi mana rana. In na yi tuwon dawa ita ta yi na gero, yara sun ci iri biyu. Ran da ba ta ɗora tukunya da wuri ba, ko dafaffiyar gyaɗa ce sai ta zuba tafi biyu, don dai kada kwano ya koma da kunya. Mayar da shi wayam kuwa magana ce, kuma kowa ya san fassararta: mun karɓa, amma kada a ƙara.

Matar Yaya faccalata ce, sai dai abin da ake faɗa a kan faccaloli bai same mu ba. Ta girme ni nesa. Ita ta tsaya a kaina a duk jegon da na yi. Har na haifi na huɗu ba ta daina ce mini Amarya ba, ni kuma Iya nake ce mata, yadda yara ke faɗa.

Damina ce ta shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. An jera zaɓe Asabar bayan Asabar, na waɗanda za su je Legas su zauna a majalisar tarayya shi ne a gaba, saura kamar mako uku. Kuma a karon nan har da mu mata. Jam'iyyu da dama suka fito, amma a unguwarmu biyu ne ke da baki. Maigidana malamin firamare ne, Malam nake ce masa, yana tare da wadda ta fi yawan maganar talaka da 'yancinsa. Yaya manomi ne mai saye da sayar da hatsi a kasuwar Gaya, yana tare da wadda ta fi maganar noma da haɗin kan ƙasa. Tun bazara suka daina zaman hira a dakali ɗaya. Gaisuwa dai ana yi a ƙofar masallaci, gajeriya kamar ta baƙi. Amma kwano bai taɓa fashi ba, don mu mata mun ɗauka rigimar a zaure za ta tsaya.

Laifin nawa ne, ba na ɓoyewa. Ni kaɗai ce cikin matan unguwar na yi sakandare, a makarantar 'yan mata a Kano, don haka duk wasiƙar da ta shigo ni ake kawo wa. Da aka ce mata za su yi zaɓe sai tsoro ya kama su. Wata ta ce ta ji in ka dangwala ba daidai ba 'yan sanda za su tafi da kai. Wata ta ce tawadar ba ta fita, alwala ba za ta yi ba. Na ce su nemi izini su shigo bayan azahar in nuna musu. Na kankaro baƙin tukunya na kwaɓa da man gyaɗa, ya zama tawada. Saura takarda. Takarda kuwa a lokacin ba abar wasa ba ce, littattafan yara ba na taɓawa. Na duba bisa akwatin Malam, ga wasu jibge, bayansu fari fat. Na zaro kamar goma na kifa su, na ja layi na yi gida-gida, babu alamar kowa, na ce kowace ta dangwala babban yatsa cikin gida ɗaya, kada ta taɓa layi. Takardun tallar jam'iyyar Malam ne. Allah Ya sani idona bai ga komai a jikinsu ba sai farin bayan.

Mun sha dariya ranar. Iya ta danna da ƙarfi kamar mai murƙushe daddawa, yatsa ɗaya ya cika gida biyu. Sai a karo na huɗu ya fito tsaf, har zanen fata ana gani. Ta ɗaga takardar tana kallo, ta ce tunda take ba ta taɓa sa hannu a takarda ba, a bar mata ta je ta nuna wa maigidanta. Na ce ta ɗauka mana.

Yammacin ranar ne kwano ya dawo wayam.

Da gari ya waye maza suka fita, na kifa turmi a gindin katanga na hau, na yi gyaran murya. Nan muke hira in aiki ya hana shiga. Iya ta ɗago daga wanke-wanke, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Amarya, kin kashe ni."

"Da me, Iya?"

"Da takardarki mana. Na kai masa ina murna, ya duba, har ya yi murmushi. Sai ya juya ta. Ga alamar su Malam ƙatuwa, ga yatsana a bayanta daidai wa daida. Ya ce, au, har an gama da ke? A gidan ƙanena ake tara matan mutane ana nuna musu inda za su dangwala?"

"Ba ki gaya masa gida-gida ne kawai ba?"

"Na faɗa har bakina ya bushe. Ya ce 'yar boko ba ta yin abu a banza. Ya ce in kwanonki ya zo in juye, abinci ba a korarsa, amma ko ƙwayar gero kada ta bi shi."

'Yar boko ba ta yin abu a banza. Da ya san irin banzar da na yi wannan, da ya rage ganin girman boko.

Na sauko daga turmi zuciyata na tafasa. Na ɗauki kwanon na ɗora can saman jere, inda ake ajiye waɗanda ba a taɓawa sai da biki. Hannuna na kansa ban sake ba na tuna mahaifiyata, don daidai haka na ga ta yi.

A Gafasa aka haife ni, ta wajen Ajingi. A zaɓen ƙarshe kafin soja su karɓi mulki karo na farko, ina gida hutun makaranta. Mata ba sa zaɓe a lokacin, amma ba su tsira daga gare shi ba. Mahaifina da ƙanensa suka rabu a jam'iyya. Gidajensu zana ce tsakani, da 'yar ƙofa da mu yara ke bi da ƙorai. Wata rana ƙwaryar mahaifiyata ta dawo wayam. Ta dube ta, ta ce, "Ni ma ai ina da zuciya," ta rataye ta. Washegari ba ta aika ba, su ma ba su aiko ba. Kowace na jiran ɗaya ta fara. Bayan mako ɗaya aka sa ƙaya a 'yar ƙofar. Soja suka zo suka rushe jam'iyyun gaba ɗaya, har mutane suka fara manta waƙoƙinsu, ƙayar tana nan. Daga baya ƙanen mahaifina ya kwashi iyalinsa ya koma wajen Kademi, can ya rasu. Da muka dawo daga gaisuwar mutuwar, mahaifiyata ta zauna a bakin ɗaki ta ce da ni, ba tare da na tambaye ta ba, "Da na sake aikawa washegari." Iyakar abin da ta taɓa cewa a kan maganar ke nan.

Na sauko da kwanon. Da yamma na yi dambu da zogale, irin wanda na san Yaya na so, na cika shi har murfi na ƙin zama, na ba yarinyar. Ya dawo yana ƙwal-ƙwal. Washegari na yi tuwo miyar kuka. Haka ya dawo.

A rana ta huɗu Malam ya lura. Ya ce, "Ki bar shi mana. Mutum ya ce ba ya so, a bi shi da magiya?"

Na ce, "Bai ce ba ya so ba, Malam. Ana juyewa."

"To ribar me kike ci?"

Ni dai ina da lissafina. In hannu biyu na bayarwa, ciyayya ce. In hannu ɗaya ne kullum, ta tashi daga ciyayya ta zama sadaka. Yaya kuwa mutum ne mai rumbu huɗu, shi ke fitar da zakka a raba wa mutane. Ba zai iya kwana da tashi yana cin sadakar matar ƙanensa ba. Ko dai ya mayar da kwanon da abincina a ciki, wanda in ya yi haka ƙaya ta shiga ƙofa ke nan, ko ya bar Iya ta zuba. Na san ina iya faɗuwa. Amma na riga na ga ƙarshen ɗaya hanyar a Gafasa.

Akwai wani abu kuma da maganar Yaya ta tono mini. Ya ɗauka yatsana na Malam ne. Malam ma haka ya ɗauka. Da na bincika zuciyata sai na tarar ni ma haka na ɗauka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa nake so ba. Na ji kunya. An ce ƙuri'a shaida ce, kuma tun muna yara a makarantar allo ake gaya mana mai ba da shaida a kan abin da bai gani ba yana da tambaya a gaban Allah. Na ce to, tunda har an tuhume ni da ra'ayi, bari in nemo shi.

Na karanta takardun Malam, wannan karon ta gaba. Na sa Iya ta miƙo mini ta su Yaya ta kan katanga, a naɗe cikin ganyen rama. Na kasa kunne ga rediyo ina tankaɗe. Kowa zai kawo ruwa, kowa zai kawo taki, kowa zai gina makaranta. In ka rufe alamar da tafin hannu, da ƙyar ka raba su. Zuciyata dai ta fi karkata ga su Malam, don maganar talaka ita na tashi ina ji a bakin mahaifina, kuma har gobe ina ganin gaskiyarta.

To a kwanakin nan kowace jam'iyya ta fitar da mata suna bi gida-gida, tunda maza ba sa shiga. Na shirya tambaya guda, na ce duk wadda ta shigo ita zan yi mata. Tambayar ba daga littafi na samo ta ba. Damina biyu kafin nan, ƙanwata a Gafasa haihuwa ta zo mata da gardama. Hanya ta cika da ruwa, mota ba ta shiga, aka ɗoro ta a amalanke. Kafin a iso Gaya abin cikin ya koma. Ita Allah Ya yi da sauran kwana.

Matan jam'iyyar su Malam suka fara zuwa, su shida, da waƙa da guɗa, har kajina suka watse. Mutanen kirki ne, biyu ma ƙawayena. Na shimfiɗa tabarma na kawo ruwa, na ce wa shugabarsu, "Macen Gafasa in naƙuda ta zo mata da gardama cikin damina, me ɗan takararku zai yi mata?"

Ba ta ko numfasa ba ta ce, "Asibiti, Malama! Kowane ƙauye da nasa, har da mota a ƙofa. Ke da kike ta gida ma sai an gaya miki?" Aka rangaɗa guɗa.

Bayan kwana biyu ta su Yaya ta zo, ita kaɗai, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Ta shigo a ɗarare, ta san gidan wa ta shigo. Na yi mata tambayar. Ta murza bakin mayafi, sannan ta ce, "Gaskiya, 'yar nan, ban sani ba. Amma zan tambayo." Na ce a raina, sallama ce mai ladabi.

Ran kwana huɗu ana yayyafi na ji sallama. Ita ce, laka har idon sawu. Ta ƙi hawa tabarma don kada ta ɓata. A tsaye ta ce, "Na samu ganinsa jiya, da ƙyar. Ya ce in gaya miki ba zai yi miki ƙarya ba, ɗan majalisa ba ya gina asibiti da hannunsa. Abin da zai iya shi ne ya miƙe ya faɗa, ya yi ta faɗa har a gaji a sa a cikin ayyukan gwamnati. Kuma ya ce shi hanya zai fara nema, don asibitin da ba a iya kaiwa gare shi, da shi da babu duk ɗaya." Ta gyara tallanta ta ce, "Iyakar abin da ya ce ke nan. Ban ƙara gishiri ba."

Abin da aka koya mana ke nan a aji game da aikin majalisa, kusan kalma da kalma. Na san hujja ce ƙarama. Mai yiwuwa ɗan takarar su Malam ma da an kai masa tambayar haka zai ce. Amma ba a kai masa ba. Mu mata in za mu sayi tukunya ba ma jiran sai mun dafa a ciki, ƙwanƙwasawa muke mu saurara. Na ƙwanƙwasa biyu, ɗaya ta amsa mini da sautin da na yarda da shi. Washegari bayan sallar walha na yi istihara, na roƙi Allah in zaɓin nan son zuciya ne Ya kawar mini da shi. Na kwana uku ina duba zuciyata, ban ji ta motsa ba.

Malam na fara gaya wa, don ban iya cin abinci da mutum ina ɓoye masa abu ba. Ya dawo daga makaranta, na ajiye masa ɗanwake, na bari ya yi nisa, sannan na ce, "Malam, na tsai da inda zan dangwala. Ba wajenku ba ne."

Cokali ya tsaya a hanya. Ya ce, "Wajen wa?"

"Wajen su Yaya."

"A gidana? Da tuwona?"

"Tuwon ai ni ke tuƙawa."

"Ba wasa nake ba."

Na ce ni ma ba wasa nake ba, na kwashe labarin tambayar na gaya masa. Ya ce don tsohuwa ɗaya ta taka laka zan bar tafiyar da ubana ya sha wahala a kanta? Wannan ta soke ni, na kuma gaya masa ta soke ni. Na ce, "Amma wata shida ke nan kana gaya mana 'yanci, 'yanci, a tsakar gidan nan."

"'Yancin talaka na ce."

"To ni sarauniyar ina ce?"

Ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi, ya ture kwano yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Ni na jawo, da na auro 'yar sakandare." Can kuma ya ce, "To ai shi ke nan, rigimarku ta ƙare. Aika a gaya wa Yaya, yau ɗin nan za ki ga kwanonki da naman kaza."

Na ce, "Ba zan gaya masa ba. Kai ma ina roƙonka kada ka faɗa."

"Ikon Allah. Me ya sa?"

"In na faɗa kwano ya dawo, to ƙuri'a ce ta dawo da shi. Wani zaɓen in na bar su sai ya sake tafiya. Ina so ya dawo yana zaton ni taku ce."

Malam ya girgiza kai ya ce shi dai bai ga mai wahalar da kanta irina ba. Amma ya riƙe amanar, Allah Ya jiƙansa, ko da yake kwana biyu bai yaba miyata ba.

Kwano ya ci gaba da tafiya yana dawowa da kiɗansa. Yarinyar ta fara jin nauyin kai shi, don yaran unguwa sun gane, suna binta suna kwaikwayon ƙarar da baki. Ta koyi danne murfin da babban yatsa. Na ce ta bar shi ya yi ƙararsa, ba mu muka yi abin kunya ba.

Ran Alhamis, saura kwana biyu zaɓe, bayan la'asar, na ji sallamar Yaya a zaure. Rabon da ya taka zauren nan tun kafin shuka. Malam ya fita, jim kaɗan ya leƙo ya ce in zo. Na yafa mayafi na durƙusa a bayan ƙofa ta ciki, na gaishe shi. Tsakanin mace da yayan mijinta akwai kunya, ba a magana kai tsaye. Don haka duk abin da Yaya zai faɗa, ƙanensa yake gaya wa, ni ma haka, alhali kowa na jin kowa. Malam, wanda wata uku ba su yi doguwar magana ba, ya zama ɗan aike a tsakanin taku uku.

Yaya ya ce, "Tambayi matarka, sadaka take ba ni?"

Na ce, "Malam, a gaya wa Yaya ni ban isa ba. Ciyayya nake yi."

"Ciyayya da wa? Ita kaɗai?"

"A gaya masa nawa ɓangaren nake riƙewa. Ɗayan ba a hannuna yake ba."

Ya yi tsaki. Ya ce a kasuwa har an fara yi masa ba'a, wai gidan malamin makaranta ke ciyar da mai hatsi. Malam ya buɗe baki zai maimaita mini, Yaya ya ce, "Kai, ta ji, ba kurma ba ce."

Na ce a ba Yaya haƙuri a kan takardar, kuskurena ne, ganin farin takarda ya rufe mini ido, kuma ban taɓa ce wa matar kowa ga inda za ta dangwala ba. Ya ce ya ji. Sannan ya ce, "To magana ɗaya. Ta faɗa a nan, wa za ta zaɓa jibi? In ta faɗi gaskiya, ko wace ce, na san matsayina."

Kalma ɗaya ce tsakanina da kwanona. Na ji Malam ya yi gyaran murya, na san me yake nufi. Bakina har ya motsa.

Na ce, "Malam, a gaya wa Yaya, gwamnati ma da ta kawo abin ta ce a ɓoye ake yi. In na ce tasu, zai ce tuwo na saya da ita. In na ce taku, zai ce ga shi dama ya faɗa. A gaya masa jam'iyyun nan biyu ko shekara ba su yi da haihuwa ba, ko yaye ba a yi musu ba. Kwanon nan kuwa shekararsa goma sha biyu. Ban ga yadda za a yi babba ya tashi wa jariri daga tabarma ba."

Sai na ji Yaya ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce da ƙanensa, "Taurin kan gidanmu na ɗauka a jini yake. Ashe har aurensa ake yi." Ya sa takalmi ya fita. Yammacin nan kwano ya dawo wayam. Ran Juma'a ma haka. A nan kam na fara cewa ko na zaƙe.

Ran Asabar da hantsi muka fita, ni da Iya da sauran matan unguwa, kowa da mayafin zuwa biki. A makarantar su Malam aka ajiye akwatin, layin mata daban. Ban taɓa ganin matan Gaya da yawa haka da rana tsaka a waje ba. Ga matan Fulani daga rugagen wajen Balan sun ajiye ƙoren nono a gindin darbejiya sun shiga layi. Iya ta riƙe mini gefen zane kamar yarinya.

Ta ce, "Amarya, in na cika gida biyu fa?"

"Ba daddawa ba ce, Iya. A hankali."

"Kin san wadda zan..."

Na ce, "Riƙe abinki. Ni ma na riƙe nawa."

Da aka miƙo mini takardar na shiga bayan labule, na yi bisimilla, na nemi alamar, na dangwala. Da na fito na jefa a akwati sai ƙanwata ta faɗo mini a rai, da mahaifiyata da ba a taɓa tambayarta ba. Bayan kwanaki rediyo ta faɗi sakamako, wanda na zaɓa bai ci ba, na su Malam ne ya tafi Legas. Malam ya yi mako guda yana yi mini gaisuwar ta'aziyya safe da yamma. Ban yi nadama ba, har yau. Shaida aka nema, na ba da wadda na gani. Yaya kuwa har ya koma ga Allah yana zaton ƙanensa na bi, kuma a kan wannan zaton ya yi abin da ya yi a yammacin Asabar ɗin. Ina jin jira ya yi a rufe akwati, don kada a ce shi ma saye ya yi.

Na dawo gida na ɗora tukunya, tawada na nan a yatsana. Tuwon dawa na yi da miyar kuɓewa ɗanya. Na cika kwano na ba yarinyar, na koma bakin murhu ina kwasar na gida, kunnena na zaure. Na ji fitarta. Na ji kiran yara a waje, na ji tattabaru na komawa. Aka daɗe. Sai na ji takunta, ƙanana-ƙanana, a hankali, ba irin na kullum ba. Na kasa kunne ina jiran ƙwal. Taku kawai nake ji.

Ban juya ba sai da ta tsaya a kaina. Ta naɗe kwanon da bakin zanenta, fuskar nan kamar an ba ta sallah.

Ta ce, "Inna, kama da hannu biyu, da zafi. Kuma Baffa ya ce a gaya miki gobe a rage barkono."